Daga Karofin Ƙofar Mata Zuwa Fulogin: Tarihin Masu Haɗa Rininsu Da Kansu

 

Maudu'inmu na yau zai iya zama baƙo ga wasunmu, domin ya shafi kiɗa da kwamfuta. Duk wanda ya taɓa leƙa situdiyon waƙa a Titin Gidan Zoo ko wata unguwa a Kano ya san yadda ake aiki yanzu: matashi ɗaya, kwamfuta ɗaya, fiyano da makirfo. A cikin babbar manhajar haɗa kiɗa akwai wasu ƙananan manhajoji da ake jona mata. Wata tana daidaita murya, wata tana sa mata amsa-kuwwa, wata kuma tana fitar da amon ganga ko na sarewa. Su ake kira fulogin. Tambayarmu ita ce: shin wanda bai taɓa rubuta layi ɗaya na kodin ba zai iya koyon ƙera irin wannan manhaja? Kuma in zai iya, me ya sa Bahaushe zai wahalar da kansa alhali ga na wasu nan birjik a intanet? Amsar tana cikin tarihi, kuma za mu ɗauko shi ne daga Ƙofar Mata, inda birnin Kano ya taɓa fuskantar tambaya mai kama da wannan a sana'ar rini.

ƘOFAR RUMFA DA MARINARTA

Kundin Tarihin Kano ya ce Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ne ya faɗaɗa ganuwar birni ta gabas, kuma cikin wannan faɗaɗawa aka ambaci Ƙofar Mata. Kundin ya jingina masa sababbin abubuwa goma sha biyu, cikinsu har da Gidan Rumfa da Kasuwar Kurmi da busa kakaki. Har gobe in Sarki ya fito Sallar Idi a filin Ƙofar Mata, amon kakakin nan ne ke riga shi isowa. Ke nan ƙofar tana da tsohuwar alaƙa da sauti.

Amma abin da duniya ta fi saninta da shi shi ne marina. Masu sana'ar suna ƙirga shekarun karofinsu daga 1498. Abin lura a aikinsu shi ne, marini ba ya sayen launi a shirye. Shi yake haɗa shi. Zai zuba ruwa a rijiyar rini, ya sa baba da toka da katsi, ya bar su su ruɓa na tsawon kwanaki, yana motsawa yana duba kumfa yana shinshinar wari, har ya tabbatar rinin ya nuna. In ya tsoma farin ƙyalle ya ɗago, sai ya fito kore-kore, iska ce za ta mayar da shi shuɗi a kan idon mai kallo. Yawan tsomawa shi ke bambanta shuɗi mai haske da wanda ya kusa zama baƙi. Daga nan sai wajen mabuga, waɗanda za su yi ta dukan tufa a kan gungume har ta ɗauki ƙyalli.

Marigayi Farfesa Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, ya rubuta kundin digirinsa na uku a 1975 kan rinin ƙasar Kano a ƙarni na 19. Ya nuna cewa bunƙasar sana'ar ta samo asali ne daga dabarun da masu ita suka ɓullo da su. Mafi girma a ciki shi ne laso, wani irin siminti da ake haɗawa da katsin da aka kwaso daga ƙasan rini, a shafe cikin rijiya da shi don kada ruwa ya tsiyaye. Da laso aka samu damar haƙa rijiyoyi manya fiye da tukwanen da aka saba, aka riƙa rina kaya da yawa a kan kuɗi kaɗan. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani a nan da Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, ya tarar da tufafin Kano suna kaiwa Timbuktu da Gat da Murzuk da Turabulus. Ya ƙiyasta abin da ake fitarwa a shekara da aƙalla wuri miliyan 300.

Sai labari ya sha bamban. Wani masanin haɗa sinadarai Bajamushe, Adolf von Baeyer, ya gano yadda ƙwayar launin baba take, kuma a 1897 kamfanin BASF ya fara sayar da baban masana'anta. Cikin shekaru ƙasa da ashirin noman baba a Indiya ya durƙushe. Mu ma a nan, garin rini na gwangwani da yadin masana'anta suka cika kasuwa sannu a hankali. Garin yana da sauƙi, yana da sauri, ba ya bukatar jiran kwanaki. Wanda ya je Ƙofar Mata yau zai ga rijiyoyi da yawa sun bushe, kaɗan ne ake aiki da su. Masu rini ba su ƙare ba a Kano, amma masu iya haɗa rinin tun daga tushe sun ragu ƙwarai. Mu riƙe wannan bambanci, na mai tsomawa da mai haɗawa, domin shi za mu tafi da shi wajen makaɗa.

DAGA KALANGU ZUWA FIYANO

Makaɗan Hausa na da sun san kayan aikinsu ciki da waje. Ko dai su suka haɗa su, ko kuma sun san wanda ya sassaƙa icen da wanda ya jeme fatar. Kuntigin Ɗan Maraya Jos ƙaramin abu ne mai tsirkiya ɗaya, irin wanda ake haɗawa da gwangwani da fata. Mai goge ya san irin gashin wutsiyar dokin da yake so. Makaɗan Mamman Shata sun san yadda za su ɗaure kalangu ya dace da muryar maigidansu, haka ma masu kotson Narambaɗa da Ɗanƙwairo. In amo bai yi ba, a nan take ake gyara shi da hannu.

Sauyi ya zo ne tare da finafinan bidiyo. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano, kuma kafin ƙarshen wannan goman finafinan Hausa sun zama kasuwa babba mai bukatar waƙa a kusan kowane fim. Ɗauko cikakkiyar tawagar makaɗa zuwa ɗakin ɗaukar sauti abu ne mai tsada da wahala. Fiyanon Yamaha samfurin PSR ya warware matsalar, domin mutum ɗaya zai zauna ya fitar da ganga da sarewa da jita duk daga akwati guda. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubutu mai yawa kan wannan zamani, ya nuna yadda masu kiɗan fiyano suka riƙa lalubo amon da ya fi kama da na kayan kiɗanmu daga cikin waɗanda aka ɗura wa na'urar tun daga Japan. Fim ɗin Sangaya na 1999 yana cikin waɗanda suka nuna cewa wannan salo ya karɓu, kuma daga nan kiɗan nanaye ya kafu. Masu bege ma da dama suka karɓi fiyano.

Daga baya kwamfuta ta shigo situdiyo, ta karɓi aikin da fiyano ke yi har ta ƙara. Yau akasarin waƙoƙin da muke ji a waya da gidajen biki ta cikin manhaja suka biyo. Babu mai musun cewa an samu alheri. Yaran da ba su gaji kiɗa ba sun samu sana'a, waƙar Hausa ta kai inda ba ta taɓa kaiwa ba. Sai dai kusan duk amon da ake tsoma waƙoƙin nan a ciki, wasu ne suka haɗa shi a wata ƙasa. Mun zama gwanayen tsomawa a rinin da ba mu muka haɗa ba.

SU WA SUKA HAƊA RININ?

Yana da kyau mu san su, domin labarinsu yana rage tsoro. A 1957 wani injiniya mai suna Max Mathews, a cibiyar bincike ta Bell da ke Amurka, ya rubuta manhajar da ta sa kwamfuta ta fitar da kiɗa. Abin da aka fara samu bai wuce daƙiƙa 17 ba. A 1967 John Chowning na Jami'ar Stanford, wanda asalinsa mai tsara kiɗa ne kuma ya koyi kwamfuta daga baya, ya gano cewa in aka sa wani amo ya riƙa girgiza wani da sauri sosai, sai a samu sabon amo mai kama da ƙararrawa ko ganga ko kayan busa. Kamfanin Yamaha ya sayi lasisin wannan dabara, ya fito da fiyanon DX7 a 1983. A wannan shekarar ce kuma kamfanoni suka amince da tsarin MIDI, wato yaren da fiyano da kwamfuta suke magana da juna da shi.

Fulogin kamar yadda muka san shi ya yaɗu ne daga 1996, lokacin da kamfanin Steinberg na birnin Hambug a Jamus ya fito da tsarin VST. Muhimmin abin da suka yi shi ne sakin ƙa'idojin ga jama'a, ta yadda duk mai iya kodin zai rubuta ƙaramar manhajarsa ta shiga cikin babbar. A 1999 aka faɗaɗa tsarin ya karɓi manhajojin da ke fitar da amon kayan kiɗa, bayan masu gyaran sauti kawai. Daga nan ƙofa ta buɗe wa ɗaiɗaikun mutane. Wani ɗan Japan mai suna Ichiro Toda ya saki Synth1 kyauta a 2002, kuma har yanzu ana amfani da shi a faɗin duniya.

Manhajar FL Studio da yaranmu suka fi sabawa da ita ta fara ne a ƙarshen 1997 da sunan FruityLoops. Didier Dambrin, wanda ya rubuta ta wa kamfanin Image-Line na Beljiyam, mai shirya wasannin kwamfuta ne a lokacin, kuma abin da ya fara yi ƙaramar na'urar jera bugun ganga ce. Shi kuwa Auto-Tune, wanda yanzu da wuya ka ji waƙar soyayya ta Hausa babu shi, Andy Hildebrand ne ya ƙera shi a 1997. Ya yi shekaru yana aikin nazarin amon da ake aikawa ƙarƙashin ƙasa don neman man fetur, sai ya juya irin wannan lissafi zuwa muryar ɗan Adam. A 1998 wata waƙar mawaƙiyar Amurka Cher ta sa duniya ta san wannan murya mai kama da ta na'ura.

Misalin da ya fi kusa da mu yana Afirka ta Kudu. Gangar nan mai kauri da ake gane kiɗan amapiano da ita, galibin masu haɗawa suna samo ta ne daga wani fulogin da ke cikin FL Studio mai suna Fruity DX10, wanda ke aiki da dabarar Chowning. Ƙaramar manhaja ɗaya ta ba wa salon kiɗa guda kamanninsa, har ya ratso Najeriya. Wannan ya isa ya nuna mana cewa wanda ya haɗa amo yana da hannu a kiɗan mutanen da bai taɓa gani ba.

ABIN DA RININ ARO BA YA KAMAWA

Kowane mai ƙira da kunnen garinsu yake ƙira. Fiyano an raba shi ne gida goma sha biyu daidai wa daida a kowane zagaye, bisa tsarin kiɗan Turai. Auto-Tune kuma aikinsa shi ne ya ja murya zuwa gidan da ya fi kusa. Yawancin kiɗanmu na gargajiya a kan matakai biyar yake tafiya, kuma matakan ba lallai su faɗa daidai inda na fiyano suke ba. Mai goge da mai kukuma suna zamewa tsakanin matakai, a nan ma daɗin yake.

A nan ne batun ya shafe mu marubuta kai tsaye, domin Hausa harshe ne mai karin sauti. Mu ɗauki kalmar da muka fara da ita. Baba na rini, da baba mahaifi, da baba 'yar'uwar mahaifi, duk rubutunsu ɗaya, hawa da saukar murya ne ke raba su. Haka kuka na hawaye da kuka ta miya. Kalangu yana iya magana ne saboda makaɗi yana matse igiyoyinsa a hammata ya ɗaga amo, ya saki ya sauke shi, yana bin karin kalmomi har mai sauraro ya gane take ko kirari ba tare da an buɗe baki ba. In aka ɗauki bugu ɗaya na kalangu aka ɗora a kan maɓallan fiyano, za a ji ganga, amma maganar ta tafi, domin lanƙwasar da ke tsakanin bugu da bugu ita ce maganar.

Injiniyan da ke Hambug ko Tokiyo ba shi da dalilin damuwa da wannan. Bai san take ba, kuma kasuwarmu ba ta kai ya ɓata shekara a kanta ba. In za a samu fulogin da ya san yadda kalangu ke lanƙwasa amo, ko mai daidaita murya da ba zai take karin Hausa ba, to wanda ya tashi da harshen a kunnensa ne zai yi shi. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

INA ƊAN KOYO ZAI FARA?

Yaron da aka kai marina ba a ba shi haɗin rini ranar farko. Ɗebo ruwa zai fara, da tankaɗe toka, da wanke ƙyalle da shanya. Ta nan yake sanin halin kowane abu kafin a yarda ya taɓa rijiya. Koyon fulogin ma yana da irin wannan jeri, kuma mafi yawan masu karaya sun karaya ne don sun fara daga ƙarshe.

Matakin farko ba ya bukatar kodin. Shi ne a gane cewa a cikin kwamfuta sauti jerin lambobi ne. Makirfo yana auna motsin iska, kwamfuta tana rubuta awon sau 44,100 a kowace daƙiƙa a tsarin da aka fi sani. Fulogin ba ya yin komai illa karɓar waɗannan lambobi, ya yi musu lissafi, ya miƙa su gaba. In ka ninka kowace lamba da rabi, ka rage ƙara. Wannan shi ne fulogin na farko da kusan kowa ke rubutawa, kuma zuciyarsa layi ɗaya ce. In ka ajiye lambobin a ma'aji ka dawo da su bayan an wuce guda 22,050, ka haɗa da sababbi, ka samu amsa-kuwwa ta rabin daƙiƙa. In ka riƙa haɗa kowace lamba da wadda ta gabace ta kana rabawa biyu, ka rage kaifin sauti. Duk wannan lissafin bai wuce na ƙaramar sakandare ba.

Da waɗannan uku kaɗai ana iya yin abin mamaki. A 1983 Kevin Karplus da Alex Strong suka wallafa wata dabara ta kwaikwayon tsirkiyar da aka taɓa da yatsa. Za ka cika ɗan gajeren ma'aji da lambobin hargitsi, ka riƙa zagaya shi, a kowane zagaye kana haɗa lambobi biyu maƙwabta kana rabawa biyu. Hargitsin farko shi ne taɓawar, raguwar kaifi a hankali ita ce mutuwar amon. Tsawon ma'ajin ne ke yanke tsayin amo: mai gida 100 zai zagaya kusan sau 441 a daƙiƙa. Layukan kodin ɗin ba su da yawa, amma abin da zai fito daga lasifika ya yi kusa da gurmi ko garaya. Daga nan aikin kunne ne: a zauna da mai gurmi na gaske, a saurara, a koma a gyara lambobi. Haka za a tunkari kalangu, a sa amon ya riƙa hawa da sauka bisa wani maɓalli da zai tsaya a madadin hammatar makaɗi.

Mataki na biyu shi ne gwaji da kayan da ba sa tsoratarwa. Akwai Pure Data, wadda Miller Puckette ya fitar a tsakiyar shekarun 1990, kyauta ce, kuma akwatuna ake jerawa ana haɗa su da zare a kan allo maimakon rubuta umarni. Akwai Faust, wani yaren kodin na sauti da cibiyar GRAME ta birnin Liyon a Faransa ta samar, wanda ake iya gwadawa a shafinsa na intanet, kuma yana iya mayar da abin da ka rubuta ya zama fulogin. Mako kaɗan a nan zai koya wa mutum abin da karatun wata da watanni ba zai ba shi ba, domin yana canza lamba yana jin sakamako nan take.

Mataki na uku shi ne rijiyar kanta, wato yaren C++, wanda da shi ake rubuta mafi yawan fulogin na kasuwa. Yana da wuya, ba za mu ɓoye ba. Ya kamata a ba shi watanni shi kaɗai, ana rubuta ƙananan abubuwan da ba su shafi sauti ba, kafin a haɗa shi da JUCE. JUCE tarin kayan aiki ne da Julian Storer ya saki a 2004, wanda ke ɗauke wa mai koyo wahalar yin magana da manyan manhajoji da zana maɓallai, kuma mai koyo yana iya fara amfani da shi ba tare da ya biya ba. A nan ne za a haɗu da dokar da ta fi kowace tsanani a sana'ar, wato lokaci. Babbar manhaja tana miƙo lambobi ne ƙunshi-ƙunshi. In ƙunshin mai 512 ne, fulogin yana da abin da bai kai kashi 12 cikin 1,000 na daƙiƙa ba ya gama aikinsa. Ya makara, sai a ji ƙaras a lasifika. Saboda haka ake hana shi jiran komai ko neman sabon ma'aji a tsakiyar aiki.

Mun san halin da muke ciki na wuta da tsadar data. Abin da ke sauƙaƙa lamarin shi ne, da zarar an sauke kayan aikin, yawancin koyon ba ya bukatar intanet, kuma tsohuwar kwamfutar cinya da abin sawa a kunne sun isa a fara. Mu da muka bi ta foliteknik mun ga yadda ɗalibai uku ko huɗu ke raba kwamfuta ɗaya su fitar da aikin kammalawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: mai kodin, da mai haɗa kiɗa, da makaɗin gado, in suka zauna tare sun fi kowannensu shi kaɗai.

Akwai kuma batun haƙƙi. Duk wanda zai naɗi amon kalangu ko kotso ko ƙwarya don ya zuba a manhaja, to ya nemi izinin mai shi, ya biya shi, ya rubuta sunansa a jikin aikin. Fiyano ya riga ya rage wa makaɗan gado kasuwar biki da suna. Zai zama zalunci a ce ɗan gida ne zai kwashe abin da ya rage musu kyauta ya sayar.

RABON MARUBUTA

Wani zai ce, to mu da alƙalami ne sana'armu, ina ruwanmu? Ruwanmu yana wurare uku.

Na farko, kalmomi. Kusan duk darussan wannan fanni da Turanci suke. Yaron da ke da kunne da basira amma Turancinsa bai yi ƙarfi ba, a bakin ƙofa yake tsayawa. Marina suna da sunan kowane abu a sana'arsu, shi ya sa uba ke iya koya wa ɗa. Mai iya bayyana ma'aji da zagaye da kaifin sauti da Hausa mai daɗi ya yi wa fannin aikin da mai kodin ba zai iya ba. Wannan aikin namu ne, kuma bayanin abu mai wuya cikin sauƙi horo ne babba ga mai son ƙwarewa a rubutu.

Na biyu, adana sani. A 1971 David Ames da Anthony King suka wallafa ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa, suka tattara sunayen kayan kiɗa da sassansu da lokutan da ake amfani da su. Fiye da shekara hamsin ke nan. Dattawan da suka san yadda ake ɗaure kalangu da taken kowace sana'a suna ta tafiya. Haka ma mutanen da suka fara kiɗan fiyano a Kano a shekarun 1990, labarinsu bai shiga littafin Hausa yadda ya kamata ba. Wayar da ke hannunmu ta isa a yi hira a naɗa. Wanda zai ƙera fulogin ɗin kalangu nan da shekara goma, da irin wannan rubutu zai yi aiki.

Na uku, labaranmu. Littattafanmu cike suke da likitoci da matuƙan jirgi da 'ya'yan attajirai. Da wuya ka ga jarumin da ke zaune yana fama da abu har ya ƙera shi, ko jarumar da ta gaji rini ko kiɗan ƙwarya take neman hanyar raya shi. Yara suna sha'awar abin da suka gani a labari. Aminu Ala marubucin littattafai ne kafin a san shi da waƙa, wanda ke nuna cewa tsakanin alƙalami da situdiyo ba wata tazara mai nisa ba ce.

Shawararmu ga wannan mako mai sauƙi ce. Wanda ke Kano ya samu lokaci ya je Ƙofar Mata, ya gaida masu rini, ya tambaye su yadda ake gane rini ya nuna, ya rubuta amsar da kalmominsu. Wanda ke Katsina ko Zariya ko Sakkwato ko Maraɗi ya nemi marini ko makaɗin garinsu ya yi haka. Mai kwamfuta kuma ya sauke Pure Data, ya gwada fitar da amo ɗaya tak, ya ɗaga shi ya sauke shi har ya faɗi baba na rini da baba mahaifi yadda mai sauraro zai bambanta. Duk abin da aka samo a kawo mana nan mu tattauna, masu gyara kuma ƙofa a buɗe take.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa albarka a alƙalumanmu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.